Zufar Taga

A Hull, kan titin Hessle, bene na biyu,
shida da rabi, duhu bai ko motsa ba,
na dawo aikin dare, na yaye labule,
na tarar taga ta riga ni gajiya.
Zufa sharkaf daga goshi har haɓa,
ita da ba ta ɗaga kowa ba,
ba ta juya tsoho ko ɗaya a gado ba.

A Azare garwa biyu nake saye,
in tsaya muna ja-in-ja da mai ruwa kan canji.
Nan ruwa ke zuwa da ƙafarsa,
ba sallama,
ya kwana jikin gilashi, ya gangaro,
ya taru a gindin taga kamar mai bin bashi.

Na sa tsumma, tsumma ya sha ya ƙoshi.
Na sa tsohuwar singileti, na sa jarida.
Kashegari ya dawo da danginsa.
Sai baƙi-baƙi ya tsiro a lungu,
fumfuna mai warin buhun da damina ta taɓa,
Sagir ya fara tarin tsakar dare,
irin wanda ke tada uwa kafin ya tada yaro.

Na kira mai gidan.
Ya ce gida lafiyarsa lau,
shekara ɗari da ashirin yana tsaye.
Ban musa ba. Ni ne baƙo.

Doreen ta ƙasa ce ta hawo tana haki,
tabarau na lilo a wuyanta,
ta shafi gilashin da yatsa, ta dube ni:
Ba ruwan sama ba ne, ɗana. Ku ne.
Numfashinku ne, ku huɗu,
da tukunyarku, da wankin nan da kuka shanya kan hita.

Wata biyu ina neman ɓarawo a waje,
ashe a hancina yake kwana.

Ta ce buɗe taga, faɗin yatsa biyu,
minti goma da safe, goma da dare.
Na ce ɗumin nan saye na yi,
mita na cin fam kamar akuya ta samu dusa,
sai in buɗe masa hanya ya tafi teku?
Ta ce busasshiyar iska ta fi saurin ɗaukar ɗumi.
Ta sauka, ta bar ni da lissafi.

Uwani ta ce tuwo ba ya tuƙuwa a rufe.
Muka yi sulhu: miya da murfi,
tuwo da fanka a kunne, ƙofar kicin a ja.
Wanki ya koma banɗaki.
Kabad ta matsa daga bango, faɗin tafin hannu.
Na sayo na'urar tsotse danshi a shagon gwanjo,
tana kwana gurnani kamar kyanwa,
da safe in zare tankinta, ga lita biyu,
duk abin da muka hura cikin barci,
har da minsharina,
in zuba wa barkonon da ya ƙi yin 'ya'ya.

Mako uku, tari ya kwanta.
Taga ta bushe tas.
Ranar na ga abin da take ɓoye mana:
bangon jan bulo, kwandunan shara uku,
tsuntsun teku na faɗa da leda.

Ladidi ce ba ta yi murna ba.
Ashe allonta na ƙwace.
Kullum kafin in iso da tsumma
takan rubuta Kaka da ɗan yatsa,
ta tsaya kallon haruffan suna tsiyaya.

Yau ta hau kujera,
ta kai baki jikin gilashi, ta ce haaa,
hazo ya fito, bai fi faifai ba.
Ta yi K, ta yi a,
ta waigo: Baba, kar ka goge.

Na mai da tsumma aljihu.
Sanyi na shigowa ta yatsa biyun nan,
shi zai goge, ba ni ba.